Kambun Nagoggo a Ƙofar Farin Dutse

Duk wanda ya saba sayen nama a kasuwar Kalgo ya san hannun daman Nagoggo kafin ya san fuskarsa. Hannu ne mai kauri kamar taɓarya, kuma a damtsensa akwai kambu, wato layar da ake ɗaurawa a hannu, na jar fatar akuya wadda zufa da kitse suka mayar baƙa. Mahauci ne ɗan mahauci, kuma ɗan tauri. Na gan shi yana saurayi a filin wasa a Gwandu, kiɗa na tashi, yana gurza wuƙa a cikinsa har ƙarfen ya lanƙwashe, fatar kuwa ko ja ba ta yi ba.

Yana da ƙane guda, Zayyanu, mai bakin tsiya da yawan dariya. Wata kaka aka yi wasan tauri a Masama. Zayyanu ya tsaya gaban makaɗa ya ɗaga wuƙar wani ɗan tauri mai suna Basharu, ya ce wannan ai ta yankan kuɓewa ce, a mayar wa uwarsa kafin ta ɗora miya. Fili ya ɗauki dariya. Basharu ya karɓe wuƙarsa ya mayar cikin kube. Ya jira har aka tashi wasa, Zayyanu ya je bakin rijiya ya kwance layunsa ya ajiye a kan dutse don ya yi alwalar la'asar. Yana sunkuye, ruwa a tafin hannu, Basharu ya soka masa wuƙar kuɓewar nan a ƙarƙashin haƙarƙari, ya murɗa, ya zare. Da Nagoggo ya iso, jinin ya riga ya gauraye da ruwan alwala yana bin hanyar da awaki ke sha.

Kotu ta ɗaure Basharu shekara bakwai. Ranar da aka yanke hukuncin Nagoggo ya wuce wurin baduku. Ya miƙa damtse ya ce a ɗinke masa kambun a jiki, ba igiya, ba ƙulli. Baduku na ɗinki allura ta kama fata, bai ko motsa ba. Ya ce a gaban mutane, "Wanga kambu ba shi sauka sai ranar da na yanka Basharu." Kalgo duka ta ji. Daga nan da shi yake wanka, da shi yake barci, a kansa yake zuba ruwan alwala.

Shekarar ce matarsa Kubura ta haifi Yusra. Yarinyar ta taso siririya, leɓɓanta na yin shuɗi in ta yi taku goma. Likitoci a Birnin Kebbi suka ce akwai ɓuli, wato huji, a zuciyarta. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya koyi tafiya a hankali da 'ya a kafaɗa, yana ƙirga numfashinta a jikin kunnensa.

Tana shekara bakwai abubuwa biyu suka zo a wata ɗaya: aka sako Basharu, kuma wata ƙungiyar agaji ta sa sunan Yusra cikin yaran da za a yi wa tiyata a Indiya. Kwana uku kafin tafiya, Nagoggo ya hau babur da hantsi ya nufi ƙauyen Basharu. Bai same shi ba, don mutumin ya tsallake katanga tun da ya ji ƙarar babur. Sai ya kamo ragon da ke ɗaure a ƙofar gidan, ya juya shi ya ba alƙibla baya, ya yanke masa wuya ba bisimilla, ya bar shi mushe yana shure-shure a bakin zaure. Ya goge wuƙar a jikin ƙyaure ya ce wa matan da ke leƙe, "Ku ce mishi ina dawowa."

A Indiya, a wani asibiti na garin Udaipur, aka buɗe ƙirjin Yusra. Awa shida yana tsaye a baranda. Da aka bar shi ya gan ta, ya daɗe yana duban ɗinkin da ya sauko daga wuya zuwa saman ciki, irin duban da ma'aikaci ke yi wa aikin ɗan'uwansa. Ya ce wa tafintansu, Malam Usman, wani dattijon Bagwandare da ya shekara ashirin a can yana yi wa majinyata jagora, "Wanga mutum ya iya wuƙa. Tambaye shi ko ɗan mahauta ne."

Malam Usman ya yi dariya har da tari. "Mahauta? Wanga ko ƙwai bai taɓa ci ba. Jain aka ce musu. Ko cinnaka ba su kashewa. Malamansu da tsintsiya suka tafiya, suna share hanya kar su taka ƙwaro."

"To mi suka ci?"

"Ganye, irin na akuyarka."

"Allah Shi kyauta. Da Kalgo suke da yunwa ta kashe ni."

Likitan ne, da za a sallame su, ya nuna wa Yusra hoton wurin bautar mutanensa a Ranakpur, ginin farin dutse na shekara ɗari biyar da wani abu. Ya ce ginshiƙansa dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in da huɗu ne, kuma babu biyu masu sassaƙa iri ɗaya. Yarinyar ta kafe sai ta je ta ƙirga. Nagoggo ya ce shi ba ya shiga ɗakin gumaka. Malam Usman ya ce, "Kallon gini za mu, ba sujada ba. Ɗiyarka ta fito daga bakin kabari ta roƙe ka abu guda."

Sun isa da azahar, bayan doguwar tafiya cikin duwatsu. Suka tuɓe takalma. Mai gadi ya karɓi bel ɗin Malam Usman da jakar katinsa, domin a wurin nan ba a shiga da fata, tunda sai an kashe dabba ake samunta. Akwai matakala masu yawa, Yusra ba ta iya hawa, Malam Usman kuwa gwiwa ta hana shi ɗaukar ko buta. Nagoggo ya sunkuya ya ɗaga ta, hannun rigarsa ya zame, kambun ya bayyana. Mai gadi ya kai yatsa ya taɓa.

Abin da ya biyo baya bai kai numfashi uku ba. Nagoggo ya dire yarinyar, ya cafke wuyan hannun mutumin ya murɗe shi kamar ƙafar tunkiya, ya haɗa fuskarsa da bango. Hanci ya fashe, jini ya ɗiga a kan farin dutse, ja wur. Mutane suka watse. Wasu masu gadi suka rugo da sanduna. Ɗaya ya sauke wa Nagoggo tasa a gadon baya, sandar ta tsage, bai waiwaya ba. Abin da ya sa ya sake shi ne wani ɗan sauti a ƙasa. Yusra ce zaune a kan matakala, hannu biyu dafe da ɗinkin ƙirjinta, tana jan numfashi da ƙyar.

"Baba," ta ce, "ka bari, zai ɓalle."

Ya durƙusa gabanta. Malam Usman yana ta ba da haƙuri cikin harshen mutanen, yana nuna ƙirjin yarinyar. Mai gadin ya toshe hanci da hankici, ya dube ta, ya ɗaga wa 'yan'uwansa hannu su dakata. Sa'an nan ya shiga ɗakinsa ya fito da ɗan almakashi, ya ajiye a kan matakala tsakaninsa da Nagoggo, ya ja da baya.

"Ya ce ba shi kiran 'yan sanda," in ji Malam Usman. "Amma fata ba ta shiga. Ko ka yanke, ko mu koma mota."

Yusra ba ta roƙa ba. Ta dai ɗaga kai tana leƙen ƙofar. Nagoggo ya ɗauki almakashin. Zaren ya riga ya nutse cikin nama, sai da ya haƙa. Kambun ya ɓamɓaro da wari irin na tsohon rauni, ya bar zobe fari fat a damtsen, danye, yana tsattsafo da jini. Ya jefa shi cikin kwandon ajiya, ya ɗauki 'yarsa.

Ya sha ba ni labarin cikin wurin, kuma kullum sai muryarsa ta sauka. Ya ce sanyi ne ya fara kama tafin ƙafarsa. Ginshiƙai ta ko'ina kamar dawa a gona mai kyau, haske na saukowa tsakaninsu yana sauya musu launi, nan fari, can kamar madarar da aka zuba wa zuma. An sassaƙa dutse har ya zama kamar saƙar hula: furanni, giwaye, mata masu rawa, igiyoyi da suka nannaɗe ba a ganin bakinsu. Ya shafa wani da yatsan da ya saba laluben gaɓa a jikin bijimi, bai sami inda hannun mai aikin ya yi fushi ba. Aka nuna musu ginshiƙi ɗaya da aka bari a karkace da gangan, wai don a tuna aikin ɗan Adam ba ya cika. Yusra ta ƙirga har ɗari biyu da sha ɗaya, barci ya ɗauke ta a kafaɗarsa. Ya zauna ya jingina da dutsen, zuciyar da aka ɗinke tana bugawa a kan farin zoben hannunsa. Da suka fito ya ɗauki kambun ya sa a aljihu. Bai mayar ba.

Kalgo ta ga hannun tun kafin ya sauka daga mota. 'Yan tauri suka fassara abin yadda suka sani: an karya masa magani a Indiya, yanzu ƙarfe na cinsa. Labarin ya kai ga Basharu, wanda ya yi wata biyu yana kwana a gonakin mutane saboda mushen ragon nan. Ya ga in bai riga ba za a riga shi.

Ranar kasuwa ce, rana tsaka. Nagoggo yana sara ƙashi a kan gungume sai wuƙa ta sauka a damtsensa, daidai kan farin zoben, ta shige har ƙashi. Ya juyo da hannun hagu ya shaƙo wuyan Basharu, ya ɗaga shi ya maka a kan teburin nama. Hanta da tumbi suka tarwatse. Ya danne ƙirjinsa da gwiwa, ya zaro wuƙar yanka. Mahauta suka kewaye su. Wani ya ce, "Gama da shi, ɗan Sarkin Fawa, mu munka ga ya fara." Kamar yadda yake yi wa kowane rago, ya sa babban yatsa yana laluben wurin yanka. Jijiyar ta buga a ƙarƙashin yatsan, da sauri, ƙanana-ƙanana, irin bugun zuciyar Yusra a kan hannunsa. Ya tsaya haka har jininsa ya jiƙe rigar Basharu.

Sai ya ajiye wuƙar. Ya jawo hannun daman Basharu ya shimfiɗa a kan gungume, ya ɗauki gatari ya juya ƙeyarsa, ya sauke sau biyu. An ji ƙarar ƙashin har rumfar masu gishiri. Ya zaro kambun daga aljihu ya cusa masa a baki don ya rage ihu.

"Wannan na Zayyanu ne," ya ce. "Tashi ka tai gida."

Sa'an nan ya faɗi. An ɗinke damtsen a Birnin Kebbi, amma jijiyar ta tafi, hannun ya bushe. Hukuma ta tsare su duka biyu na ɗan lokaci, dattawa suka shiga tsakani, aka rufe maganar. Har yau akwai 'yan tauri da ba sa gaishe shi, suna cewa ya karya rantsuwarsa. Ya yi azumin kaffara kwana uku, bai kuma sake tayar da zancen ba.

Yanzu ba ya yanka. Kilishi yake sayarwa a bakin tasha, yana shanya da hannun hagu. Basharu kan wuce ranar kasuwa da nasa hannun a cikin riga, ba sa magana. Da yamma Yusra takan zo daga makaranta a guje, jaka na dukan bayanta, ta tsaya tana haki irin na masu lafiya. Takan ce saura ginshiƙi dubu ɗaya da ɗari biyu da talatin da uku ba ta ƙirga ba. Shi kuwa sai ya kore ƙudaje daga kan kilishin da mafici, ya ce ta zauna tukuna ta huta.