Kyamarar da ba ta jin ruwa

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye ita ce ta farko da aka yi tseren jiragen ruwa a Yelwa ba shi. Tun kafin a haife ni shi ke zama a gindin jirgin ƙauyenmu yana ba shi hanya. Ni kuwa boko ta ɗauke ni tun ina ƙarami, na zama malamin makaranta a Yelwa, ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya. 'Yan gari na ce mini ɗan masunta, masunta na ce mini Malam. Na ƙudurta tunda Baba ba zai zo ba, ni zan kai masa tseren har shimfiɗarsa.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, kyamarar bidiyo sai an je Kaduna. Da na je, mai shago ya ajiye mini biyu. Babbar a kafaɗa ake ɗora ta, tana cin kaset irin na bidiyon gida, amma ko yayyafi ba ta so. Ƙaramar tana da gidan roba mai hana ruwa shiga, kaset ɗinta bai fi tafin hannu ba. Ya fara yi mini bayanin bambancin kaset ɗin, na katse shi. Ni da na tashi a bakin ruwa, har wani zai koya mini? Na ɗauki ƙaramar, don so nake in ɗauka daga cikin jirgi, Baba ya ga abin daga inda ya saba ganinsa.

Ranar tsere mutanenmu suka ɗan kalli juna da na ce zan shiga, amma ba wanda ya musa wa ɗan Baba. Ruwa ya yi ta dukan kyamarar, ko gezau. Muka zo na biyu, da tazarar da ba ta kai tsawon mutum ba.

Washegari da hantsi na yi hayar talabijin da bidiyo da janareta, muka nufi ƙauye ta hanyar Wara. Tsakar gidanmu ya cika, Inna ta jingina Baba da bango. Na tura kaset a bakin bidiyon, ya faɗa ciki kamar tsakuwa a rijiya. Wayar da ake jona kyamarar da talabijin kuma ban ma san ana tambayarta ba. Mutane suka yi ta zamewa ɗaya ɗaya, har da masu yi mini sannu.

Abin da ya rage sai ɗan ramin jikin kyamarar da ake leƙawa da ido ɗaya, baƙi da fari, ba sauti. Na kara shi a idon Baba. Yana kallo shi kaɗai, ni ina riƙe, ban san inda ya kai ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan zama ba, ga shi gwiwata na taɓa tasa.

Can sai na ga leɓensa na motsi. Ƙirga masu tuƙi yake.

"Mutum guda ya ɓace," ya ce da nauyin baki. "Wa anka hidda?"

Ya ɗago ido daga ramin ya dube ni.

"Kai anka ba wurinai?"

"Ni ne, Baba."

Ya kawar da kyamarar da hannunsa mai lafiya, a hankali.

"Da ka amshi filafili ka yi tuƙi, da kun ci. Sai in ji labari."