Geron Inna a Tsakar Gidanmu

Ni haifaffiyar Jidda ce, ban ga gona da idona ba sai da na tsufa. Ruwan sama a wurinmu sau ɗaya ko biyu yake zuwa a shekara, ya jiƙa mana katifu ya wuce. Amma shekarar da na haifi ɗana na biyu, watan Sha'aban ya zo da wani irin hali. Da safe rana, da azahar hadari ya taso ta wajen teku, iska ta kwashe shanya, kafin la'asar lungunan unguwarmu Ammariyya sun zama taɓo. Gobe ka ce ya tafi, jibi ya dawo. Wallahi na gaji da kwashe kaya daga igiya.

Surukata, uwar maigida, Inna muke ce mata. Shekara uku ke nan da ɗanta ya ɗauko ta daga Sudan. A cikin kayanta akwai ƙullin gero da bai fi cikin tafin hannu ba. Iri ne da mahaifinta ya taho da shi a ƙafa daga ƙasar Katsina, suka yi ta shuka shi a Sudan shekara da shekaru. Shi kaɗai ya rage, kuma kullum tana cewa in ya ƙara shekara a ƙulle ya mutu.

Ranar da aka yi ruwa na uku na fito na same ta durƙushe a tsakar gida, ta cusa hannu cikin ƙasa har wuyan hannu.

"Ya shiga," in ji ta. "Damina ta sauka."

"Haba Inna! Wace damina a Jidda? Wannan sati biyu ne, halas, ya ƙare, sai baɗi."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗauko guntun ƙarfe, ta sara, ta jefa, ta rufe da diddige, ta sara, ta jefa, har ƙullin ya ƙare. Kuma duk faɗin gidan nan, sai daidai inda nake wanki! Na kai ƙara wurin maigida da ya dawo daga tashar jirgin ruwa. Dariya kawai ya yi, ya ce in matsar da bahona.

Kwana huɗu ya tsiro. Ban so in nuna ba, amma sai da na tsuguna na taɓa. Labari ya bazu, tsofaffin unguwa suka fara sallama, wai sun zo gaida Inna. Ƙarya suke, gero suka zo gani. Wani dattijo mai dako ya tsaya a kansa ya fi rabin sa'a, shayin da na ba shi har ya huce.

Sai babban ruwan ya zo, ranar wata Talata da hantsi. Tsawa, iska, kwata ta cika, ruwan lungu ya turo ƙofa ya shigo mana da dattinsa da gishirinsa. Na leƙo, ga tsohuwa cikin ruwa har ƙwauri, tana kwarfa da kwanon tuwo.

"Inna, don Allah ki shigo! Za ki kashe kanki a kan ciyawa?"

"Ke 'yar nan, in ba za ki kama ba, ki yi min shiru."

Na goya yaro, na ɗauki tukunya, ina kwarfa ina masifa. Da ruwa ya janye, gindi biyar ne suka rage a tsaye.

Daga ranar sama ta rufe bakinta, kamar yadda na faɗa, kuma ban ji daɗin gaskiyata ba ko kaɗan. Ruwanmu na garwa ne, mai ruwa ke kawowa. Inna ta koma yin alwala a gindin geron. Ni kuma ruwan wankin shinkafa nake zubawa in ta shiga ɗaki. Ta sani sarai, ba ta taɓa tankawa ba, sai dai ta riƙa ajiye min tsokar namanta a gefen kwano. A nan ne na san ina son matar nan.

Azumi ya wuce, aka shiga hidimar alhazai. Zangarniya uku ta samu, ta naɗe su da tsohon mayafi saboda tsuntsaye. Da suka nuna ta murje, ta sheƙe, ta ce wa ɗanta ya nemo mata a tasha wani alhaji manomi mai komawa wajen Katsina.

Ya kawo wani tsoho. Mutumin ya zuba ƙwayar a tafinsa, ya tauna guda, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana yaro. Inna ta ƙulle duka ta miƙa masa, ta ce ya shuka da ruwan farko.

Raina ya ɓaci. "Duka, Inna? Bayan wahalar da muka sha? Ki rage ko kaɗan mana!"

"Ya zauna ya yi me a nan?" in ji ta. "Ni dai na san a garin nan za a binne ni. Shi kam ya koma gida."

Na shige kicin na yi kukana, shinkafar rana ta kama.