Bakancen Tochi Mai Kalangu

A ƙauyenmu na bakin kogin Satluj, in ka ce Tarlochan Singh sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Tochi mai kalangu kowa zai nuna maka gidan. Manomin alkama ne kamar kowa, da ɓauna biyu na tatsa da gonar da ba ta kai a yi alfahari da ita ba. Abin da ya fitar da shi daban waƙar tarihi ce. Ranar taro a gurdwara, ɗakin ibadarmu, sai ya naɗa shuɗin rawani ya tsaya da ɗan kalangunsa a hannu, abokinsa Mukhtiar na jan goge a gefe. Ya rera, ya tsaya ya yi bayani, ya sake rerawa.

Yawancin waƙoƙinsa duk mawaƙan yankin sun iya su. Guda ɗaya ce ta gidansu, waƙar Dhanna mai fito, wanda aka ce ya yi ta ƙetarar da mutanen ƙauyen a kwalekwale lokacin da mayaƙa suka taso. Doguwa ce, in ya fara bayan abincin rana sai inuwa ta miƙe kafin ya dire. Ba a rubuce take ba, daga bakin ubansa ya karɓa, don haka kullum da safe yana yanka wa ɓauna ciyawa yana bitar wani sashe nata. Ɗansa namiji ya tafi Kanada tuƙin babbar mota, ko amshi bai iya ba. 'Yarsa Nirlep ce ta kwashe ta tas tun tana ƙarama, ba tare da an zaunar da ita ba. A duniya kaf su biyu ne ke ɗauke da waƙar, Tochi kuwa ya san haka.

Nirlep na da ƙwaƙwalwa. Da ta gama jami'a sai ta sa a ranta za ta ci jarrabawar shiga manyan ma'aikatan gwamnatin jiha, ta tafi Patiala inda ake horar da masu nema. A cikin darussan har da tarihin Punjab da adabinta da al'adunta. Da Tochi ya ji haka, ya yi ta yawo a ƙauye yana murɗa gashin baki, wai wannan darasin a gida aka haife shi.

Wata Asabar ta dawo fuska ba walwala. Ya miƙa mata kofin kindirmo, ta ajiye.

"Bapu," in ji ta, don haka muke kiran uba, "Dhanna da wa ya yi faɗa?"

"Da mayaƙan Afghanistan da safe, da Turawa da yamma. Kin fi ni sani."

"Tsakanin waɗannan da waɗancan shekaru ne masu yawa, Bapu. Sai dai in yana dogara sandar tsufa ya yi faɗan yamman."

"Wa ya ce?"

"Littafi. Kai wa ya gaya maka?"

"Ubana."

"Shi fa?"

"Ubansa mana. Ko shi ma sai ya kawo takardar shaida?"

Ba ta yi dariya ba. Ashe a gwajin mako ta cakuɗa zamanai biyun, malamin ya karanta amsarta a gaban aji, aka yi ta sheƙewa da dariya. Ta ce duk lokacin da ta zauna haddar shekarun yaƙe-yaƙe, waƙar ce ke riga littafin zuwa kanta.

Matarsa Basant Kaur na murza gurasa a gefe, ta sa baki. "Na daɗe ina faɗa, Baban Nirlep. Mutum da sassafe ya tasa ɓauna gaba da yaƙi, su ba su ci ba, mu ba mu huta ba."

Maganar ta yi masa ciwo, ba don an ƙaryata kakansa ba, don an yi wa 'yarsa dariya saboda shi. Washegari ya je gurdwara ya yi bakance. Mutanenmu kan ce in bukata ta biya za su kawo halawa ko su yi wata guda suna wanke kwanuka a ɗakin girkin jama'a. Tochi ya ga wannan ya yi araha. Ya ce ba zai sake rera waƙar Dhanna ba, a fili ko a ɓoye, sai ran da sunan Nirlep ya fito cikin waɗanda suka ci jarrabawar. Ya dawo ya rataye kalangun a ƙusa.

Shi a lissafinsa abin na 'yan watanni ne. Nirlep ta zauna jarrabawar, maki kaɗan ya hana ta. Ta biyu kuwa sai da aka yi ta jira kafin a sa rana. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa. Mukhtiar mai goge ya rasu. Tochi kan farka da wani baiti a bakinsa, sai ya datse haƙora ya haɗiye shi. Har Basant ta gaji da shirun.

"Ka je bayan gona ka yi abarka a hankali mana. Wa zai ji?"

"Wanda na yi wa alkawarin kurma ne?"

Ita kuwa Nirlep tana can tana goge waƙar daga kanta da gangan, tana cusa sunayen sarakuna da yarjejeniyoyi da mawaƙan da aka yarda da su. Ba ta san da bakancen ba. Ta ɗauka fushi ya yi, ta bar shi ya huce.

Sunanta ya fito a zama na uku. Tochi ya yi kuka a tsakar gida bai ji kunyar kowa ba, don murnarsa ta gaskiya ce. Aka shirya taron godiya a gurdwara, aka raba halawa, sai Nirlep da kanta, da ta ji labarin bakancen daga uwarta, ta ɗauko kalangun ta sa masa a hannu.

"Bapu, yau sai Dhanna. Da na safen da na yamman duka."

Ya tsaya ya fara, ba goge. Muryar ta ɗan dushe amma tana nan. Ya kawo mayaƙa bakin ruwa, ya cika kwalekwale da mata da tsofaffi, ya ƙetarar da su. Sai ya iso inda wata mata ta ce ta baro jaririnta a wancan ƙetaren, Dhanna ya juya ya ba ta amsa. A nan ne mata kan ja mayafi su rufe fuska. Tochi ya buɗe baki, bai sami komai ba. Ya sake zagayo kiɗan, ya sake, wurin dai wayam.

Ya dubi ɓangaren mata. Nirlep na zaune a gaba, ta gane. Leɓɓanta suka motsa, ta runtse ido tana lalube, sannan ta buɗe ta girgiza masa kai a hankali.

Ya tsallake zuwa faɗan Turawa, ya dire waƙar. Jama'a suka ɗaga murya da kirarin da aka saba, babu wanda ya lura.

A hanyar gida Basant ta ce, "Yau ka yi sauri, ko tsufa ne?"

"Tsufa ne," in ji shi.

Nirlep ta jira uwar ta yi gaba, ta matso kusa da shi.

"Zai dawo, Bapu. In mun zauna tare zai dawo."

"Wataƙila, 'yata."

Sun zauna, kafin ta tafi garin da aka tura ta aiki da kuma duk hutun da ta zo. Sun tuno abin da matar ta ce, sun tuno yadda kwalekwalen ya juya. Abin da Dhanna ya faɗa mata ne har Tochi ya rasu bai dawo wa ɗayansu ba.