Yakura Mai Leƙen Shanya

Da hantsi, in Yakura ungozoma ta sha kununta, sai ta ɗauki sanda ta bi lungunan Gure tana kallon shanyar mutane a kan darni. Shekara talatin tana haka, har mata suka raɗa mata Sarkin Sa-ido. Ko a jikinta. Cewa take mai jego kan ɓoye ciwo, amma dole ta shanya tsummokinta.

Shekara huɗu ke nan, a 1934, ta ja birki a darnin Barmo mai lambu. Matarsa Zinariya ta haihu da wata huɗu, an gama wankan jego tuni, amma ga tsummokin jini a shanye. Ta shiga ta iske ta ta yi fari fat, ciki ya sake tasowa. Dangi sun riga sun yanke cewa kwanika ce, ciki da goyo a baya. Abokan wasa sun hana Barmo sakat, ita kuwa kunya ta rufe mata baki, ga jini yana ta zuba.

Yakura ta shafa cikin.

"Ɗiyata, yana motsi?"

"Ko sau ɗaya, Inna."

"Barmo, ɗago kanka, ba ka yi kome ba. Babu ɗa a nan. Ragowar mabiyiya ce ta tsira a ciki, tana shanye mata jini. Wannan ya fi ƙarfina. Nemo raƙumi."

Kwana biyar suka yi kafin su kai asibitin Damagaram, Yakura na goye da jaririyar. Lokotoro, wato likita, ya ce ciwo ne da ba a cika gani ba, ya cire mahaifar da tsiron gaba ɗaya. Da Zinariya ta ji ta gama haihuwa ke nan, ta fashe da kuka. Yakura ta ɗora mata ɗiyar a cinya.

"Wannan fa, wa kike so ki bar wa?"

Ke ce, Yakura, kika san inda hannunki ya tsaya, kika faɗa ba kunya. Mun yi miki dariya, yau mu ke jin nauyinki. Bana idonki ya dushe, kin ajiye yawo. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma maƙwabta, ku riƙa ɗaga ido. In kun ga wata tana leƙen shanyarku da hantsi, ga 'yar shekara huɗu riƙe da zanenta, kada ku kore ta. Zinariya ce.