Azumin Laraba na Kaka

Ƙarfe biyar da minti ashirin na yammacin wata Laraba, Kaka ta kira ni daga ɗakinta a gidanmu na Barnawa. Kowace Laraba takan yi azumi daga shida zuwa shida, ni ce mai duba mata agogo saboda idonta ya yi rauni.

"Uwar littafi, lokaci ya yi?"

Ban ko ɗaga kai daga karatuna ba. Na ce, "Saura minti arba'in, Kaka."

Da na kai mata kunun gyaɗa ƙarfe shida, na tarar da ita a durƙushe, goshinta a kan katifa, ba ta amsawa. Bayan kwana uku ta rasu.

Shekara guda ke nan. Har yanzu ɗakin yana ƙanshin man zafinta, ni kaɗai nake shiga. Na kasa addu'a. Kullum tunanina ɗaya ne: da na tashi na ba ta ruwa, da tana nan?

Jiya bayan sujada a coci na yi ƙarfin hali na tambayi ƙawarta ta zumuntar mata, wata tsohuwa 'yar Filato. Ta riƙe hannuna ta ce:

"Haba 'yata! Wannan mai taurin kan za ta sha ruwa kafin shida? Ba ƙishi ya sa take tambaya ba. Ƙarshen azuminta naki ne, ke take yi wa addu'a, tana tsoron lokaci ya ƙure ba ta kai kanki ba. Ubangiji ya ba ta hutu. Ke kuma koma ki durƙusa."