Ta'aziyyar da Mato Ya Ƙi Karɓa

Mato ya shekara talatin da ɗaya yana sa wa fatu gishiri a mayankar Oko-Oba. Daga wani ƙauye kusa da Maraɗi ya zo Legas. Ya iya Yarbanci a bakin mahauta, amma Turanci bai taɓa zama masa ba. Ba shi da abin alfahari kamar ɗansa Zayyanu, mai aiki da inji a wata masana'antar robobi a Ogba.

Wata Talata da hantsi wutar lantarki ta kama Zayyanu a bakin aiki. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ran addu'ar uku manajan masana'antar ya zo gidansu a Agege. Ba'indiye ne mai furfura. Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma, ya riƙe hannun Mato ya ce, "Your son was one in a million."

Mato ya dubi maƙwabcinsa Khamisu, direban bas ɗin haya da ake kira danfo, mai ɗan jin Turanci. "Me ya ce?"

"Baba, wai ɗanka ɗaya ne cikin miliyan."

Mato ya zare hannunsa. Abin da ya fahimta shi ne, garin nan cike yake da mutane, ɗaya ya tafi, gobe a ɗauki wani. Ya tashi ya shige ɗaki, bai fito ba sai da baƙon ya tafi.

Bai faɗa wa kowa maganar ba, har matarsa Fadima. Sai dai ya daina bi ta Ogba, ya kuma kwashe bokitan robar da Zayyanu ya kawo gida ya rabar. Haka ya yi shekara biyu, yana ramewa, ana cewa rashin ɗa ne kawai.

Wata Asabar bayan la'asar yana zaune a baranda, autarsa Mufida tana bitar darasin Turanci da ƙarfi saboda jarrabawa. Sai ya ji kalmomin nan a bakinta.

"Mufida, maimaita abin da kika ce."

Ta kawo littafin. "Guda uku ne, Baba, masu kama da juna a kunne. One of many, wato ɗaya daga cikin tarin jama'a, ba shi da wani bambanci. One of a kind, wanda babu irinsa. Sai one in a million."

"Shi nake tambaya. Mai miliyan ɗin."

"Yabo ne. Wato sai ka duba mutum miliyan kafin ka sami kamarsa."

"Ba raini ba ne?"

"Ina! Wanda ake ji da shi ake faɗa wa haka. A ina ka ji shi, Baba?"

Mato ya kau da kai yana kallon hanya. Mufida ta dube shi, sai ta rufe littafin.

Ran Litinin ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau danfo zuwa Ogba. Mai gadin masana'antar, wani mutumin Zariya mai suna Saminu, ya ce manajan ya kamu da ciwo ya koma ƙasarsu tun bara, kuma ba wanda yake da lambarsa.

"Kai ne mahaifin Zayyanu? Allah ya jiƙansa. Ai ranar oga da kansa ya ɗauko shi ya sa a motarsa. Kwana biyu bai bari an kunna injin ba."

Mato ya roƙa a bar shi ya ga inda ɗansa yake tsayawa. Saminu ya shiga ya tambaya, ya dawo ya ce sabon manajan bai yarda ba.

Mato ya zauna a bencin mai gadi yana jin ƙarar injina ta bayan katanga, har aka kira azahar. Saminu ya miƙo masa buta.