Yadda motata ta ƙone wa wani dattijo abincin tumakinsa ranar Layya

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ina zaune a Silver Spring, ina aikin injiniya a Washington, ban kai shekara arba'in ba, kuma gaskiya ina ji da kaina. Duk wata hidimar jama'armu ni ne a gaba, don ina son a ce wane ya iya. Ni na samo mana gonar wani dattijo Ba'amurke mai kiwon tumaki a bayan Upper Marlboro, wanda ya yarda mu riƙa zuwa duk Babbar Sallah mu sayi raguna mu yanka a can. Mun yi shekaru muna haka lafiya lau.

A wata shekara Sallah ta faɗo da kaka, an daɗe ba a ga ruwa ba, ciyawa ta bushe ƙayau, ga iska. Rediyo kullum gargaɗin gobarar daji ake yi. Ana jibi Sallah dattijon ya kira ni, ya ce don Allah duk motoci a bar su kan tsakuwa a bakin ƙofa, kowa ya ƙarasa da ƙafa, shi kansa ya ajiye tarakta sai an yi ruwa. Na ce masa to, amma a zuciyata dariya na yi. Ni da na tashi a ƙauye, inda da hannunmu muke cinna wa gona wuta kafin damina, wai ni za a koya wa wuta? A ganina, in babu ashana babu gobara.

Ranar Sallah ni na ɗauko Baba, wanda ya fi kowa shekaru a cikinmu, mai fama da ciwon gwiwa. Daga ƙofa zuwa wurin yanka akwai 'yar tafiya. Da na ga yana laluben sandarsa sai kunya ta kama ni, na ce ina, ba zan sauke babba a bakin hanya ba, mutane su ce ban san girman manya ba. Ban faɗa masa dokar mai gona ba. Na buɗe shinge, na kutsa cikin ciyawa har gindin rumfa, na bar motar a kunne na riƙe masa hannu ya sauka, muka shiga gaishe-gaishe. Zafin salansar motar, wato bututun hayaƙinta, shi ya kunna ciyawar da ke ƙarƙashi. Kafin mu farga iska ta kwashi wutar, ta nufi rumbun da dattijon ya jibge dammunan ciyawar da tumakinsa za su ci duk lokacin sanyi. Muka dinga bugu da buhuna da manyan rigunanmu, a banza. 'Yan kwana-kwana sun zo da sauri, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma rumbun ya ƙone ƙurmus.

Da ma zagina dattijon ya yi, da na fi samun sauƙi. Tambayata kawai ya yi ko na fahimci abin da ya faɗa a waya. Na ce na fahimta. Ya gyaɗa kai ya koma wajen tumakinsa. Kafin ƙanƙara ta sauka dole ta sa ya sayar da yawancin garken da ya yi shekaru yana tarawa, kuma bai sake kiwo ba. Da na je ba wa Baba haƙuri kuwa, ya ce da na gaya masa, da ya zauna a bakin ƙofa ya wakilta ni na yanka masa, addini bai hana ba. Wallahi wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, domin ta nuna mini ba Baba na girmama ba, kaina na girmama.

'Yan uwa mazauna ƙasashen waje, in aka ce lokacin haɗarin gobara ne, kada mota ko injin yankan ciyawa su shiga busasshen fili, ku bi kawai, ko kun gane dalili ko ba ku gane ba. Sanin da muka taho da shi daga gida bai ƙare komai ba, mai wuri ya fi mu sanin wurinsa. Har yau in na bi ta hanyar nan nakan rage gudu in duba, filin ya yi kore shar, amma babu tunkiya ko ɗaya a ciki.